Yadda Ake Kula da Wadda Aka Yi wa Fyaɗe a Accra: Daga Awa ta Farko Zuwa Wata Shida

A yawancin gidajenmu na Zango, daga Nima da Maamobi har Sabon Zango, Fadama da Madina, idan wannan masifa ta auka wa yarinya ko mace, abu uku ake fara yi. A ɗora ruwan zafi a gasa ta, a jiƙa kayan jikinta a wanke, sannan a aika a kira manya su zauna a san yadda za a rufa asiri. Da kyakkyawar niyya ake yin duka ukun. Amma na farko da na biyu shaida suke wankewa, na ukun kuma yana cinye kwanakin da magani ke aiki a cikinsu. Zaman dangi ko bayan mako guda aka yi shi bai ɓaci ba. Maganin da ke hana ƙwayar HIV kama jiki kuwa awa 72 kacal gare shi.

Daga lokacin da abin ya faru ake ƙirga awannin, ba daga lokacin da ta buɗe baki ta faɗa ba. In daren Juma'a ne da ƙarfe goma, awa 72 za ta cika daren Litinin da ƙarfe goma. Wannan kuma iyaka ce ta ƙarshe. Maganin da aka sha a daren farko ya fi wanda aka sha a rana ta uku ƙarfi. Maganin hana ɗaukar ciki yana kaiwa awa 120, wato kwana biyar, shi ma kullum ƙarfinsa raguwa yake yi.

Za mu riƙa cewa "ita" domin mata da 'yan mata abin ya fi shafa. Ana yi wa yara maza da ma manyan maza, kuma duk abin da ke ƙasa ya hau kansu, ban da maganar ciki.

Kafin a fita daga gida

Ke uwa, ko inna, ko yaya, maganar farko da ta fito daga bakinki ita za ta sa ta ci gaba da faɗa miki ko ta kulle bakinta har abada. Ki ce mata: "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Tashi mu je asibiti, ina tare da ke." Ki haɗiye "me ya kai ki ɗakinsa?" da "me ya hana ki ihu?" Tsananin tsoro yakan sandarar da jikin mutum, murya ta ɗauke, hannu ya kasa motsi. Wannan ba yarda ba ce.

In wanda ya aikata gida ɗaya suke zaune, kamar yadda yake yawan faruwa a gidajen haya, a fitar da ita daga gidan tukuna. Kada a tura samari su dake shi. Ko dai ya gudu a rasa shi, ko kuma gari ya waye 'yan'uwanta ne a tsare, shi yana asibiti yana ƙara.

Akwai alamun da ba a tsayawa tattara komai in an gan su: jinin da bai tsaya ba, ciwon mara ko na ciki mai tsanani, jiri ko suma, duka a kai, ko kuma an shaƙe mata wuya. Shaƙewa tana da yaudara, domin sau da yawa ba a ganin komai a fatar wuya, amma in murya ta dushe, haɗiyar yawu tana yi mata wuya, ko an ga jajayen ɗigo a farin ido, kumburi na iya toshe numfashi bayan awanni. A kira 112, in motar asibiti za ta yi jinkiri a tari tasi.

In babu waɗannan, to a kiyaye jikinta yadda yake. Kada ta yi wanka, kada ta yi tsarki da sabulu ko Dettol, kada a zaunar da ita a ruwan zafi ko na bagaruwa ko alif, kada a cusa komai a gabanta. Maniyyi, gashi, yawu da fatar da ta maƙale a farce su ne abin da likita zai ɗauka, kuma ruwa ɗaya ya isa ya tafi da su. Ruwan zafi da Dettol kuma ƙara ƙona wurin da ya riga ya ji rauni suke yi. In abin ya shafi baki, kada ta goge haƙori ko ta yi asuwaki. Mun san abin da ya fi damun mace a wannan lokacin shi ne ta wanke jikinta ta yi salla. Jinkirin 'yan awanni ne, kuma malamai sun san hukuncin larura.

In fitsari ya matse ta, ta yi a cikin roba mai tsabta mai murfi a tafi da shi, musamman in tana zargin an sa mata wani abu a lemo ko abinci, domin irin waɗannan ƙwayoyi da wuri suke fita daga jiki, fitsarin farko shi ya fi nuna su.

Kayan da ke jikinta ta tafi da su a jikinta, a riƙe wasu na canji. In ta riga ta tuɓe, a sa kowane ɗaya daban a babbar ambulan ko takarda mai tsabta: kamfai daban, zane daban, zanen gado daban, audugar mata daban. Kada a ƙulle su a baƙar leda. Danshi da zafin Accra za su sa su yi fumfuna, shaidar ta lalace. In da jiƙa, a bar su su sha iska a inuwa kafin a naɗe. Saƙonnin waya, na WhatsApp, har da shaidar kuɗin da ya taɓa turo mata ta MoMo, kada a goge ko ɗaya, a ɗauki hotonsu a tura wa wata wayar.

In kuwa duk an riga an yi wanka da wanki, a tafi haka nan. Wanka ba ya rage aikin magani ko kaɗan, kuma raunuka da bayaninta shaida ne.

A ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS, katin Ghana, duk maganin da take sha, da 'yan kuɗi. In yarinya ce, a nemo takardar haihuwa ko katin awo na jarirai. Shekarunta za su zama babbar magana a kotu.

Asibiti ne farko ko 'yan sanda?

Tsarin da aka saba shi ne a kai rahoto ofishin 'yan sanda, musamman sashen DOVVSU mai kula da cin zarafin mata da yara, wanda aka kafa a 1998 da sunan WAJU. Su za su ba da fam na asibiti, a kai wa likita a asibitin gwamnati ya duba ya cike ya sa hannu, a mayar musu. In ofishin yana kusa kuma za a sallame ku da wuri, a bi haka. Amma in dare ne, ko tana zubar da jini, ko awanni sun fara ƙurewa, shawararmu asibiti tukuna. Likita zai rubuta duk abin da ya gani a folda, fam ɗin ya biyo baya a cike shi daga abin da ke rubuce. In ku biyu ne ko uku, a raba aiki: ɗaya ta zauna da ita a asibiti, ɗaya ya tafi wajen 'yan sanda. Babbar mace kuma in ta ce ba ta shirya zuwa wajen 'yan sanda ba, wannan bai hana a ba ta magani ba, kada a ɗaure mata ɗaya da ɗaya.

A nufi asibitin da ke da likita dare da rana, da ɗakin gwaji, da sashen masu kula da HIV, domin a nan maganin kariya yake. Mutanen Nima da Maamobi suna da babban asibitin Maamobi a kusa, ga asibitin Ridge, ga na 'yan sanda a Cantonments, ga na sojoji na 37. Na Sabon Zango da Shukura sun fi kusa da Korle Bu. Don ƙananan yara akwai sashen yara na Korle Bu da asibitin Princess Marie Louise. Kemis ɗin bakin layi zai iya sayar muku da maganin hana ciki, sauran ba shi da su.

Da an isa kada a bi layin masu yankar kati. A wuce sashen gaggawa, a ja nas gefe a faɗa mata a hankali: an yi mata fyaɗe, awa kaza ke nan, muna buƙatar PEP. Da wannan suna ma'aikata suka san maganin kariya daga HIV, kuma ambaton sa yana sa a gane kun san lokaci na tafiya. Inda aka fi samun cikas shi ne dare da ƙarshen mako, a ce sashen maganin a rufe yake ku dawo Litinin. Ku ƙirga musu awannin, ku roƙi likitan da ke aiki ya nemo mai kula da ɗakin magani ko da na kwanaki kaɗan ne a fara. In ya tabbata babu, ku karɓi takardar turawa ku wuce wani asibitin a daren. In ba ta jin Turanci ko Twi ko Ga sosai, a nemi ma'aikaciya mai jin Hausa. Kada ɗan'uwan wanda ake zargi ya zama tafinta, kada kuma a sa ƙaramin yaro.

Abin da likita zai yi

Zai fara da neman izininta, kuma tana da ikon ta ce a tsaya a kowane mataki. Tana iya neman likita mace in akwai, in babu a sa nas mace ta tsaya a ɗakin. Ke da kika rako ta, ki tambaye ta ko tana so ki zauna ko ki fita. 'Yan mata da yawa ba sa iya faɗin komai a gaban uwa, kunya ce ba ƙi ba.

Tambayoyin suna da nauyi amma kowace da dalilinta: yaushe, a ina, mutum nawa, ta gaba ne ko ta dubura ko ta baki, ya sa kwaroron roba, ta yi wanka, yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, tana tsarin iyali, akwai maganin da jikinta ba ya so. Ta faɗa da kalmominta. Abin da ba ta tuna ba ta ce ba ta tuna ba, kada kowa ya cike mata gurbi, domin abin da aka ƙara yau shi lauyan wancan ɓangare zai kama gobe. Maganar dubura ita aka fi ɓoyewa, ita ce kuma ta fi haɗarin HIV, don haka likita na buƙatar ya sani.

Sai duba jiki daga kai zuwa ƙafa: cizo, yaƙushi, shatin yatsu a damtse da cinya, bayan kunne, cikin leɓe. Yana zana wurin kowane rauni a takarda. Daga nan ya duba gaba da dubura, ya shafo samfuri da ɗan tsinke mai auduga. Ba kowane asibiti ke da cikakkun kayan ɗaukar shaida ba, shi ya sa rubutun likita yake da muhimmanci haka. Yarinyar da ba ta balaga ba, ba a sa mata ƙarfen buɗe gaba tana farke. In ana zargin rauni a ciki, ɗakin tiyata ake kai ta a sa ta barci. Yanka mai tsabta da bai wuce kwana ɗaya ba ana ɗinke shi, wanda ya daɗe ko ya yi datti wanke shi ake yi a bar shi ya warke da kansa.

Za a gwada jini don HIV, ciwon hanta nau'in B da tunjere, a gwada fitsari don ciki. A fahimci wannan da kyau: gwajin ranar farko yana nuna yadda take kafin abin ya faru ne. In ya nuna babu HIV, ba yana nufin ta tsira ba, yana nufin a fara mata kariya. In ya nuna akwai, to da ma tana ɗauke da ita, ba kariya za a ba ta ba, magani za a ɗora ta a kai, kuma kyauta ne. Sakamakon nata ne, ita ake faɗa wa.

Dangi sukan tare likita a ƙofa da tambaya ɗaya: "Dokta, ya ɓata ta?" Babu likitan da zai iya duba tantanin budurci ya tabbatar an sadu da mace ko ba a sadu da ita ba. Halittarsa ta bambanta daga mace zuwa mace, yana miƙewa, kuma ƙananan raunuka a wurin cikin kwanaki suke warkewa. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a daina abin da ake kira gwajin budurci don ba shi da tushe a ilimin likitanci. Da yawa daga waɗanda aka yi wa fyaɗe ba a samun rauni a gabansu. In likita ya rubuta bai ga rauni ba, bai ce ƙarya take yi ba.

Magungunan, ɗaya bayan ɗaya

PEP ga babba yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana da ake kira TLD, haɗin tenofovir miligiram 300, lamivudine 300 da dolutegravir 50. Kwana 28 ake sha ba fashi, a lokaci ɗaya kullum. Yara bisa nauyinsu ake auna musu nasu, kada a ɓalla musu na manya. Ciki ko shayarwa ba sa hana shi. Ba a jiran a kama mutumin a gwada shi kafin a fara. A haɗiye ta farko tun a asibiti.

Kwanakin farko yakan kawo tashin zuciya, ciwon kai, kasala, wasu kuma rashin barci. Wadda ya hana ta barci ta mayar da shi safe, wadda ke azumi ta ɗaura shi da sahur ko buɗa-baki. In ta yi amai cikin rabin awa da sha, ko aka ga ƙwayar a aman, ta sake shan wata. In ta manta, ta sha da zarar ta tuna, amma kada ta haɗa biyu. Farin maganin gyambon ciki na ruwa, da ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, suna riƙe dolutegravir a hanji su hana shi shiga jini, don haka a sha PEP awa biyu kafin su ko awa shida bayan su. Mai shan maganin tarin fuka ta faɗa wa likita, sai an gyara mata adadi. Wadda gwaji ya nuna tana da ciwon hanta B kada ta ajiye PEP ba tare da likita na bibiyar ta ba, domin ciwon na iya tashi bayan an daina.

Inda aka fi faɗuwa shi ne mako na biyu. Jiki ya yi sauƙi, ko kuma wata a gidan ta ga robar ta gane irin ta masu HIV ce, yarinya ta ji kunya ta jefar. Maganin kwana goma ba ya yin aikin na kwana 28. A ɗauki hoton takardar jikin robar a ɓare ta, a ajiye robar a ƙasan jaka, amma kada a juye ƙwayoyin a leda, danshi na lalata su. In na 'yan kwanaki aka bayar, a koma karɓar sauran kafin su ƙare.

Maganin hana ciki na gaggawa, levonorgestrel miligiram 1.5, sha ɗaya ne. In Postinor-2 ne mai ƙwaya biyu, a haɗiye duka biyun tare. Aikinsa jinkirta fitowar ƙwan mace ne, ba ya zubar da cikin da ya riga ya zauna. In ta yi amai cikin awa biyu a maimaita. Bayan kwana uku, ko ga mace mai jiki sosai, ƙarfinsa yana raguwa, a nan likita zai iya ba da ulipristal miligiram 30, ko ya sa mata robar mahaifa mai jan ƙarfe cikin kwana biyar, wadda ta fi duka aiki. Yarinyar da ƙirjinta ya fara fitowa ita ma a ba ta, ko da ba ta taɓa ganin al'ada ba, domin ƙwai na iya riga jinin farko fitowa. Wannan kuskure ne da ake yawan yi.

Sai na cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, waɗanda ba a jiran alamunsu: allurar ceftriaxone sau ɗaya don ciwon sanyi, azithromycin giram 1 sau ɗaya ko doxycycline miligiram 100 safe da yamma na kwana bakwai, da metronidazole wanda aka fi sani da Flagyl. Mai ciki ba a ba ta doxycycline. Tara waɗannan duka a ciki ɗaya amai yake kawowa, a yi asarar masu muhimmanci. Don haka a fara da PEP da na hana ciki bayan ta ɗan sa wani abu a ciki, ko koko ne, a roƙi maganin hana amai, Flagyl kuma ya iya jira zuwa gobe.

Rigakafin ciwon hanta B shi aka fi mantawa da shi, alhali ciwon ya yi yawa a Ghana kuma ya fi HIV saurin yaɗuwa. Sai a 2002 aka sa shi cikin allurar jarirai a ƙasar, saboda haka wadda aka haifa kafin nan galibi ba ta da shi. Allura uku ce: ta farko nan take, in da hali cikin kwana ɗaya, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. In akwai rauni a fata, a ƙara da allurar tetanus.

Wadda ta zo bayan kwana uku ta rasa PEP, wadda ta zo bayan biyar ta rasa na hana ciki, amma sauran duka suna nan, ko wata nawa aka yi.

In al'ada ta yi jinkiri fiye da mako guda, a gwada ciki. In ya shiga, sashe na 58 na dokar laifuffuka ta 1960 ya halatta a cire cikin da aka samu ta fyaɗe ko daga muharrami, matuƙar likita mai rajista ne zai yi a asibitin da gwamnati ta amince da shi. Ta riƙe ko ta cire, a bar ta ta yi shawara da likita da malamin da ta yarda da shi, kada dangi su yanke mata. Abin da ke kashe 'yan mata shi ne jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin da ake sayowa a ɓoye.

Fam ɗin 'yan sanda, kuɗi, da maganar sulhu

Dokar cin zarafi a cikin gida ta 2007, wadda ake kira Act 732, ta ce wadda 'yan sanda suka taimaka wa zuwa asibiti kyauta za a yi mata magani, kuma a halin gaggawa ana iya fara mata tun kafin a kai rahoto. Dokar ba ta tsaya ga miji da dangi ba, ta haɗa da 'yar aiki da waɗanda suke haya a gida ɗaya. A aikace kuwa, sau da yawa ana neman ɗaruruwan sidi kafin likita ya sa hannu a fam, kuma a nan ƙararraki da yawa suke mutuwa. In haka ta taso, a nemi ofishin jin daɗin jama'a na cikin asibitin, a kuma faɗa wa jami'in DOVVSU. In dole ta sa an biya, a karɓi rasit. Kafin a mayar da fam ɗin a ɗauki hotonsa gaba da baya, a rubuta sunan likitan, sunan ɗan sandan da ke bincike da lambar wayarsa.

A dokar Ghana, hukuncin fyaɗe ɗaurin shekara 5 zuwa 25 ne. Saduwa da wanda bai kai shekara 16 ba, mace ko namiji, shekara 7 zuwa 25 ne, kuma ba a sauraren "ai da yardarta". Waɗannan manyan laifuffuka ne da ba su cikin waɗanda doka ta yarda a sasanta a gida. Za a zo muku, wataƙila da liman ko wakilin sarkin Zango, da goro da ambulan, a ce a kashe wutar, ko ma a ce a ɗaura musu aure. Karɓar kuɗi don a danne laifi shi kansa laifi ne, kuma wanda aka rufa wa asiri a kan yarinya ɗaya yana nan cikin unguwa da sauran yaran. Manya suna da aikin da ya dace da su: su hana tsangwamar iyalin, su hana a yi wa shaidu barazana. Dokar yara ta 1998 kuma ta ɗora wa duk wanda ya san ana cutar da yaro ya sanar da sashen jin daɗin jama'a.

Shari'a tana ɗaukar lokaci, a shirya wa zirga-zirga da kuɗin trotro. Hukumar ba da taimakon lauyoyi ta gwamnati da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna ba da shawara ga marasa ƙarfi. In ana yi mata barazana, kotu na iya ba da umarnin kariya da zai hana shi kusantar ta. Layin Orange Support Centre na ma'aikatar jinsi da yara, 0800 111 222, kyauta ne, haka ma Helpline of Hope, 0800 800 800. Ta wajensu ko ta DOVVSU ake neman mafaka in gida ba zai zaunu ba, sai dai guraben kaɗan ne, don haka a fara tunanin gidan wata gwaggo a wata unguwa.

Bayan an koma gida

Makonnin farko za ta iya kasa barci, ta riƙa firgita, ta yi ta wanka, ta ƙi abinci, ko ta yi shiru kamar ba abin da ya faru. Ƙaramin yaro kan koma fitsarin kwance ko ya maƙale wa uwa. Kada a tilasta mata maimaita labarin ga kowane baƙo, kada a cire ta daga makaranta, kada a tura ta ƙauye kamar ita ta yi laifin. Wadda ke jin ta yi zunubi a tuna mata aya ta 33 a Suratun Nur, inda aka ambaci matan da aka tilasta da gafara da jin ƙai. Addu'a da ruƙiyya su tafi tare da magani, kada su maye gurbinsa. A nisanta ta da ƙwayoyin barci irin su Valium da kuma tramadol, sauƙin dare biyu suke bayarwa su bar mutum da jaraba.

In wata guda ya wuce abin bai lafa ba, ta kasa aiki ko karatu, ta kasa fita, a nemi likita ya tura ta wajen masanin halayyar ɗan Adam. Akwai su a Korle Bu da manyan asibitoci, ganin su ba hauka ba ne. In ta ambaci mutuwa ko kashe kanta, ko da sau ɗaya, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da fiya-fiya daga ɗakin, a kai ta asibiti a ranar. Tun 2023 yunƙurin kashe kai ya daina zama laifi a dokar Ghana, babu tsoron a ce za a kama ta.

Ranakun komawa asibiti a rubuta su a bayan katin: bayan mako biyu a duba raunuka da yadda take shan PEP, bayan wata ɗaya a gwada ciki a yi allurar hanta ta biyu, tsakanin mako huɗu zuwa shida a sake gwajin HIV, sannan a wata na uku a yi wanda zai tabbatar, tare da na tunjere. Kafin wannan gwajin na wata uku, matar aure da mijinta su yi amfani da kwaroron roba, kuma shi maigidan ya bar ta sai ta shirya da kanta. Zazzaɓi, ƙuraje a gaba, ruwa mai wari, zafin fitsari, ko idanu su yi rawaya, ba a jiran ranar da aka rubuta. Allurar hanta ta uku a wata na shida take, lokacin da kowa ya manta, don haka a sa ta a ƙararrawar waya tun yau.